Dan Allah wa ya san motar nan ta sahara da tayarta ta fi mutum tsawo?

Sadiku Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar manyan motoci ku taimaka min, akwai abinda ya tsaya min a rai tun shekaran jiya ko barcin kirki ban iya yi ba.

Mahaifina Allah ya jiƙansa direban babbar mota ne, ya yi wajen shekara 30 yana jan Marsandi 911 mai bodin katako, Kano zuwa Damagaram wani lokacin har Agadas, kuma tun yana saurayi kafin ya auri mahaifiyarmu ya taɓa bin wani Balarabe mai fataucin dabino har cikin Aljeriya ya yi kusan shekara biyu yana masa tuƙi. To idan yana gida da daddare bayan isha'i muna zaune a tabarma yakan ba mu labarin hanya, kuma akwai guda ɗaya da ba ya gajiya da maimaitawa, wai a wani gari na masu haƙar man fetur can tsakiyar rairayi ya ga wata mota da in ya tsaya a jikin tayarta sai ya miƙa hannu sama kafin ya taɓa ƙarshenta, kuma Baba ba gajere ba ne, wai sai an taka tsani ake shiga wajen direba, wai motarsa da ya faka a gefenta ta koma kamar ɗan akuya a gindin raƙumi. Mu yara sai mu yi ta dariya, babban yayanmu har yakan ce Baba an fara ƙarin gishiri, shi kuma sai dai ya yi murmushi ya ce ku dai Allah ya ba ku tsawon rai za ku gani.

Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Shekaran jiya wani abokina ya turo min bidiyo ta WhatsApp, wata ƙatuwar mota ce mai launin ƙasa-ƙasa, taya shida, an ajiye ta cikin wani babban zaure turawa sun kewaye ta suna ɗaukar hoto kuma wallahi ba wanda kansa ya kai saman tayar. Ina gani gabana ya faɗi don daidai yadda Baba ke siffanta ta ne. Na nuna a majalisarmu aka yi min caa wai haɗin kwamfuta ne, wai yanzu ba abinda ba a haɗawa, kuma bidiyon ba rubutu ba bayani sai kiɗa kawai.

Abinda nake so in sani, da gaske an taɓa yin motar nan? meye sunanta, me take ɗauka, kuma tana nan har yanzu? Sannan in da gaske ne me ya sa ba mu ƙara jin irinta ba alhali ga irin motar Baba har gobe tana ɗauko albasa daga Sakkwato. Na gode Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mahamadu:

Wa alaikumus salam Malam Sadiku, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ka kwantar da hankalinka, dattijon nan bai ƙara muku ko ƙwayar gishiri ɗaya ba. Yadda ka siffanta, kusan zan iya rantsuwa Berliet T100 ya gani, kuma garin da yake faɗi Hassi Messaoud ne. Ni a Aljeriya na yi karatun harkar man fetur, lokacin da aka tura mu koyon aiki can na tsaya a gindin ɗaya daga cikinsu da ƙafata, na ɗaga hannu kamar yadda Baba ya yi.

Asalin abin shi ne a 1956 aka gano mai a Hassi Messaoud, lokacin ƙasar tana hannun Faransa, wurin kuwa kusan kilomita 80 ne daga garin Ouargla, ba kwalta ba komai sai rairayi da duwatsu. Kayan haƙar rijiyar mai kuma ba buhun gero ba ne da za ka raba wa motoci goma, akwai injina da famfuna da idan ka kwance su gunduwa-gunduwa ka kai ka sake ɗaurawa ka ɓata makonni, to shi ne kamfanin Berliet da ke Lyon suka ce bari su ƙera motar da za ta ɗauki abu ɗungurungum ta ratsa rairayi da shi. Cikin wata tara suka gama ta farko, aka nuna ta a bikin baje kolin motoci na Paris a watan Oktoba 1957, a lokacin ita ce babbar mota mafi girma a duniya.

Sunan T100 daga nauyinta ne, ita da kayanta wajen tan 100, ita kaɗai ba kaya kusan rabin haka. Faɗinta ya kusa mita 5, wato in ta hau titinmu mai hannu biyu ta cinye shi kusan duka, tsayinta sama ya haura mita 4. Tayar da ta dami Baba kuwa Michelin ne suka yi ta musamman, mita 2.2 ce, kowace guda ta kusa tan ɗaya, to ka ga mutum ko ya kai mita 1.8 dole ya miƙa hannu. Injin Cummins ne na Amurka mai silinda 12, ƙarfin doki 600, daga baya aka kai 700, tankin mai biyu kowanne lita 950, har da wani ƙaramin inji daban na Panhard da ke taimaka wa birki da sitiyari saboda in babban injin ya mutu ba ɗan adam ɗin da zai iya murɗa sitiyarin nan da ƙarfin damtse. Duk da wannan girma gudunta bai wuce kilomita 34 a awa ba.

Abinda mutane ba su ganewa shi ne girman tayar ba don burga aka yi ba. Ka duba tafin raƙumi, faffaɗa ne mai laushi, in ya taka rairayi sai ya baje shi ya sa ba ya nutsewa, doki kuwa mai kofato tsuke nan take zai lume. Haka tayar nan, faffaɗa ce kuma ba a cika mata iska sosai, sai nauyin ya bazu.

Guda huɗu kacal aka ƙera. Biyu na farko su ne suka yi aiki a sahara, ta uku tifa ce ta yi aiki a mahaƙar yuraniyom a Faransa, ta huɗu aka kai ta Amurka baje koli a Tulsa a 1959. Ta uku da ta huɗu an yanka su tuntuni. Bayan Aljeriya ta samu 'yanci a 1962 biyun can suka zauna a ƙasar, sai a 1981 aka maida ɗaya Faransa gidan adana tarihin Berliet, ɗayar kuma tana Hassi Messaoud. Ka ga in Baba ya je kafin 1981 to duka biyun ma suna can. Bidiyon da ka gani kuwa ina zaton na 2019 ne da aka ɗauko ta Faransan a kan doguwar tirela aka kai ta wani bikin tsofaffin motoci a Paris, ka nuna wa 'yan majalisarku su rubuta sunan a Google su gani da idonsu.

Auwalu KD:

Ikon Allah. To Injiniya ni abinda ya ɗaure min kai ta ina ta bi ta je can? mota mai faɗin mita 5 ai ko shataletale ba za ta iya zagawa ba balle gada

Injiniya Mahamadu:

Malam Auwalu jirgin ruwa ne ya tsallakar da ita teku, kuma ka taɓo ainihin matsalarta. A fili fetal inda ba titi nan ne gidanta, amma duk inda akwai gari da gada da wayar lantarki wahala ce. Shi ya sa da aka shimfiɗa kwalta zuwa filayen man sai amfaninta ya ragu, ƙannenta irin su Berliet GBO da ba su kai ta girma ba su ne suka ci gaba da yin yawancin aikin.

Elh Idi na Tawa:

Salamu alaikum. Sadiku ɗana Allah shi gafarta ma mahaihinka, in dai ya yi Damagaram da Agadas cikin waɗancan shekaru to wataƙila mun sha shayi wuri guda ban sani ba, don mu duka hanya guda munka ci ƙura. Ɗana ne ka rubuta min wanga, ni ina hwaɗi shina bugawa.

Sunan Berliet da Injiniya ya kira mu nan Nijar mun san shi ƙwarai. Ni ban ga wagga babba ba, amma ƙanananta munka tashi muna gani, har na yi aparanti ga guda kahin in kama Marsandi. Kuma tun kahin mu, ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960, kamfanin ya turo motoci tara da suka kira Gazelle, masu ja da taya shida duka, sunka taso daga Aljeriya sunka ratsa hamadar Tenere har Fort-Lamy, wadda ta koma Injamena yanzu, don su gwada ko babbar mota na iya wuce wurin da raƙuma kaɗai ka bi. Sun kakkafa alamomin ƙarhe bisa hanya, tsofaffin direbobi na kiran su da sunan kamfanin.

Amma ni abinda nike so in gaya muku, ku da kuke mamakin girman mota, ku zo Agadas ku ga motar da za ta Dirku an gama loda ta. Marsandi ce mai ja gaba da baya, ba ta kai rabin wagga da kuke magana ba, amma in anka ɗora buhuhuwa da katifu da kekuna, anka rataya bido na ruwa ko'ina ga jikinta kowane an naɗe shi da buhu an rubuta sunan mai shi, sannan mutane sunka hau bisa, wallahi ba ka ganin motar, sai wani tudu ka gani shina tahiya shina rangaji, gilashin direba kaɗai ya rage a buɗe. Sama da kilomita 600 ne, ba gudron, kwana da kwanaki.

In munka bar ƙasa mai tauri munka shiga rairayi abu na farko a tsaya a rage iskar taya, aparanti shi bi su guda guda da ɗan tsinke shina danna bakin, kana jin tsss har tayar ta yi ciki ta baje, daidai maganar Injiniya ta tahin raƙumi. In kuwa ta kahe duk da haka, kowa shi sauko, a haƙe gaban tayu da shebur da hannu, a shimhiɗa farantan ƙarhe, direba shi ja mita biyar ko goma ta sake lumewa, a tono farantan a ruga da su gaba a sake. Akwai ranar da tun hantsi har la'asar ina waiwaya ina ganin wurin da munka kwana. Da rana tsaka ba a tahiya don rairayi ya yi laushi kuma inji na zahi, sai mu shige ƙarƙashin mota mu kwanta, da asuba rairayi na da sanyi ya ɗan kama jikinshi, lokacin ne mota ka tahiya da daɗi.

Kuma mota ta yi ma Tenere ɓarna guda da har yau nike jin zahinta. Akwai iccen nan guda ɗaya tal bakin rijiya bisa hanyar Bilma, da ayarin gishiri ka yada zango gare shi tun kakanni ba wanda ya taɓa karya mai reshe don hura wuta, sai a 1973 wata babbar mota ta banke shi, cikin wanga hili duka da babu komi. Gangar jikin tana gidan tarihi na Yamai yanzu, wurin kuma an kahe na ƙarhe. Ni na ƙarhen na iske.

Oga Sani bakanike:

Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wannan bayani naka ko a makaranta ba za a samu ba.

Sadiku tambayarka ta ƙarshe ita ce tawa don shekara 26 ke nan ina ƙarƙashin motocin nan. Da farko ka san ma'anar lambar 911 ta motar Baba? 9 ɗin nauyi ne, tan 9 ita da kaya, 11 ɗin kuma ƙarfin inji, doki 110, haka 1113 tan 11 doki 130, haka 1924. Amma ka je kasuwar Dawanau ka ga abinda ake ɗora mata, bature da ya ƙera ta in ya gani sai ya riƙe baki, an ƙara mata ganyen sifirin an ɗaga bodi an mayar da ita wata aba daban. Tun 1959 Marsandi suka fara yin masu gajeren hancin nan kuma ba su daina ba sai wajen 1995 saboda ƙasashe irin namu sun ƙi sakinta.

Dalilin da ya sa take raye ita waccan ƙatuwar ta zama abin kallo ba wani ɓoyayyen abu ba ne, ita guda huɗu aka yi, in tayarta ta fashe a ina za ka samo, wane mai faci ne zai iya ko kwantar da taya mai tan ɗaya? Ita kuwa tamu dubbai ne, ka shiga Kofar Ruwa ko Panteka a Kaduna ka ce kana neman nozul ko famfo ko ringi na silinda 6, kafin ka rufe baki yara uku sun ruga sun kawo ma, sabo da na hannu ka zaɓa. Injin ba kwamfuta ba waya mai yawa, in dai mai na zuwa iska na zuwa to sai ta tashi, batir ya mutu a tura ta a gangare. Na taɓa zuwa ceto wata tsakanin Potiskum da Damaturu bututun gas ya tsage, da guntun tiyo da waya muka ɗaure muka ɗora jarka a saman kai mai na gangarowa da kansa har Maiduguri, yaron mota na riƙe da jarkar ta taga. Na zamanin nan masu kwamfuta suna da daɗin tuƙi ba musu, ga sanyi ga gudu ga shan mai kaɗan, amma ƙaramin abu ya taɓu sai ta kulle kanta a daji sai an kira mai na'ura daga birni.

Kuma wani abu da na lura a lissafin Injiniya, in kayanta wajen tan 50 ne to buhun siminti 1,000 ke nan, ai tirelolinmu na yau masu ɗaukar 600 zuwa 900 sun kusa kamo ta, ashe ba yawan kayan ne abin mamakin ba, ɗaukarsa a dunƙule a kan rairayi ne.

Abinda ke min ciwo shi ne mu ma an fara a ƙasar nan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu, duk ana haɗa manyan motoci, maigidana da ya koya min aiki a irin wuraren nan ya koyi nasa, yau yaran da nake koyarwa ba su taɓa ganin sabon inji a kwali ba sai na hannu da aka gaji da shi a Turai.

Kabiru Soja Boy:

Gaskiya na ƙaru da wannan zaren. Bari in ɗan shigo da ɓangaren soja don nan ne aka fi yin irin wannan, kuma maganar gada da Malam Auwalu ya kawo ita ma ta dame su.

A yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun ƙera tankar yaƙi da ba a taɓa yin mai nauyinta ba har yau, tan 188, Ferdinand Porsche ne ya tsara ta, sunanta Maus wato ɓera. Tun ana tsara ta aka ga ba gadar da za a amince ta hau, shi ne suka yi dabara wai in an zo kogi ta shiga ta bi ta ƙarƙashin ruwa da dogon bututun shan iska, wata 'yar uwarta na tsaye a gaɓa tana ba ta wutar lantarki ta waya, in ta haye ita ma ta ba waccan. Biyu kawai aka yi a 1944, yaƙi ya ƙare ba su canja komai ba, Rashawa suka kwashe suka haɗa gangar ɗaya da kan ɗaya, tana gidan tarihin Kubinka kusa da Mosko.

Su kansu Rashawan a 1915 sun yi wata da ta fi wannan ban mamaki, ana ce mata tankar Tsar, kamar keke mai ƙafa uku, tayoyin gaba biyu kowace mita 9 wato kamar bene mai hawa biyu ko fi, ta baya kuma ƙarama. Ranar gwaji manyan suka wuce lafiya ƙaramar ta baya ta kafe a taɓo, aka yi aka yi ta ƙi fita, a dajin aka bar ta har aka yanka ta a 1923.

Wadda ta fi kama da ta Baba a manufa ita ce ta Amurkawa, kamfanin LeTourneau ya yi wa sojansu wani abu kamar jirgin ƙasa amma ba dogo, taragu a jere tsawonsu wajen mita 170, taya 54 kowace da nata injin lantarki a ciki, don kai kaya inda ba hanya. An gwada shi a hamadar Yuma a Arizona a 1962 kuma ya yi aiki fa, sai dai lokacin manyan jirage masu saukar ungulu sun fito suna ɗaukar kaya ta sama, aka ce to me za a yi da shi.

Na gida kuma, lokacin da na yi bautar ƙasa a Abia na je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, akwai motocin sulke da 'yan Biyafara suka haɗa da hannu lokacin yaƙin basasa suna ce musu Red Devil, tsofaffin motoci ne aka lulluɓe da farantin ƙarfe, kana ganin layin walda ɓaro-ɓaro, ramin leƙen direba ko tafin hannu bai kai ba. Na leƙa ciki na daɗe ina tunanin zafin da mutum zai sha a wurin, kakana ya yi yaƙin nan ta ɗaya ɓangaren kuma bai cika son maganarsa ba.

Maman Ilham:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena Sadiku Allah ya jiƙan Baba. Gyara kaɗan zan yi kada a ɗauka an daina yin manyan, ba a daina ba, sun dai koma inda ba sa buƙatar titi, wato ramin haƙar ma'adinai. Ni a wajen fasa dutse nake aiki ɓangaren lissafin kaya kuma ko namu tifofin da ba su kai ko'ina ba ba sa fita kwalta. Mafi girma yanzu ita ce BelAZ 75710 ta ƙasar Belarus da aka fito da ita a 2013, tana ɗaukar tan 450 a tashi ɗaya, in ka bi lissafin Oga Sani buhun siminti 9,000 ke nan, tirela 15 masu ɗaukar 600. Taya takwas kowace wajen mita 4, inji biyu, kuma injinan ba su ne ke juya taya kai tsaye ba, janareto suke juyawa wutar ta tafi ga injinan lantarki su juya tayoyin, irin dabarar da Kabiru ya faɗa. A Saberiya take aiki wajen haƙar kwal. Irin waɗannan a gutsuttsure ake kai su a haɗa a bakin ramin, a nan za su yi rayuwarsu su tsufa ba su taɓa ganin gari ba, shi ya sa ba ka jin labarinsu.

Sadiku Fagge:

Jama'a ban san da wane baki zan gode muku ba. Injiniya na rubuta sunan na gani, ita ce wallahi ita ce, har tsanin. Baba Alhaji na Tawa na karanta wa Hajiyarmu naka tun daga farko har ƙarshe, da na zo wajen rage iskar taya ta ce haka yake faɗa, haka yake faɗa, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfensa da ba a buɗe ba tun bayan rabon gado. Ba mu samu hoto ba, na so a ce akwai, amma cikin tsofaffin lasin da rasiɗai akwai wata takarda da ta yi ja duk ta kakkarye a wajen ninki, rubutun Faransanci da Larabci, ba abinda na iya karantawa sai hatimin, an rubuta Ouargla 1974. Na tura wa yayanmu hoton takardar da bayanin Injiniya, ya kira ni ya yi shiru a waya ya fi minti ɗaya sannan ya ce gobe Juma'a in zo mu je maƙabarta tare.

Oga Sani wata tambaya kuma. Motar Baban tana nan a bayan gidan kawunmu a Dawakin Tofa, shekara takwas ba a tashe ta ba, tayoyin sun nutse a ƙasa kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, katakon bodin gara ta ci rabi amma rubutun da ke goshinta na nan, Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Masu gwangwan sun zo sau biyu suna tayawa kuma da har mun kusa sallamawa. Tana gyaruwa ko in haƙura?

Oga Sani bakanike:

Kar ku sayar tukuna. Kuma dan Allah kar wani ya kawo batir ya ce zai gwada tayar da ita, inji da ya yi shekara takwas a kwance in ka murɗa shi a bushe za ka kashe ringi ka ƙwarzane silinda, sai an cire nozul an zuba mai a kowane rami ya kwana biyu ya jiƙa sannan a juya da hannu a ji ko ya kama. Bodi ba komai ba ne kafinta zai yi sabo, allon goshin dai a cire a ajiye a ɗaki kar rana ta ƙarasa shi. Abinda nake so ka duba shasi ne, ka shiga ƙarƙashi da tocila da ɗan guduma ka bubbuga dogayen ƙarafan nan biyu musamman wajen da sifirin ya kama, in kana jin ƙarar ƙarfe tangararau to da sauranta, in kuwa yana zubo da tsatsa kamar garin kwaki ka ɗauko min hoto. Ka zaro sandar gwada baƙin mai ka ga ko ya koma fari-fari, in ya yi to ruwa ya shiga. Ka turo min ta inbox, in Allah ya kai mu Asabar bayan azahar zan shigo da yaro ɗaya da jak, ka ce wa kawu a kwashe kajin.